Tabar Wiwi Da Ƙaiƙayin Ciwon Hanta: Ina Gaskiyar Take?

Idan aka ambaci ciwon hanta, abin da ke fara faɗo wa jama'a a rai shi ne shawara, ko kumburin ciki, ko ramewa. Amma akwai wata azaba da ba a cika maganarta ba, wato ƙaiƙayi. Wannan ƙaiƙayi ya sha bamban da na ƙazuwa ko na cizon sauro, domin babu ƙurji a fata, yakan fi tsananta da dare, sau da yawa a tafin hannu da tafin ƙafa, kuma susa ba ta kawo sauƙi. Mutum zai yi ta susa har ya yayyage jikinsa, barci ya ƙaurace masa wata da watanni, sana'a ta tsaya. A ƙasashen da ake dashen hanta, likitoci sun yarda cewa ƙaiƙayin da ya gagari duk wani magani, shi kaɗai yana iya zama hujjar sanya mutum cikin jerin masu jiran dashe. Masu iya magana kan ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mai wannan larura ya ji an ce tabar wiwi na maganinta, ya kasa kunne. Ya kamata mu duba asalin maganar da idon basira.

Da farko dai, mene ne ke kawo ƙaiƙayin? Hanta ce ke samar da ruwan matsarmama, ya bi ta wasu ƙananan bututu ya zuba cikin hanji. Idan hanyar ta toshe, ko tafiyar ruwan ta yi rauni, sai abubuwan da ya kamata a fitar su taru cikin jini, su dinga tsokanar jijiyoyin fata. Toshewar kan faru saboda tsakuwa, ko ƙari da ya danne bututun, ko wasu cututtuka da garkuwar jiki ke auka wa bututun har su tsuke. Takan faru kuma ga wasu mata a watannin ƙarshe na ciki, da masu ciwon hanta nau'in C. A shekarar 2010 masu bincike a birnin Amstadam na ƙasar Holan sun gano cewa wani sinadari mai suna ototaksin yana hauhawa a jinin masu wannan ƙaiƙayi. Ke nan hanyarsa dabam ce da ta borin jini, shi ya sa ƙwayoyi irin su Piriton ba sa yi masa komai, in ban da su sa mutum gyangyaɗi.

Maganar wiwi kuwa daga Amurka ta taso. A shekarar 2002 wasu likitoci a Jami'ar Mayami suka buga rahoton majinyata 3 da ƙaiƙayin hanta ya gagari duk magungunan da aka gwada musu. Sai aka ba su Marinol, miligiram 5 lokacin kwanciya. Shi Marinol ƙwaya ce mai ɗauke da THC, sinadarin da ke sa maye a cikin wiwi, amma wanda aka haɗa a masana'anta, kuma tun 1985 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi domin tsayar da amai ga masu shan maganin kansa. Dukansu ukun sun ce ƙaiƙayin ya ragu, sun samu barci, daga baya ma sun koma bakin aiki, sai dai sauƙin kan ɗauki awa 4 zuwa 6 ne kawai. A shekarar 2021 kuma likitocin fata na Jami'ar Johns Hopkins suka ba da labarin wata dattijuwa da ta shekara 10 tana fama da ƙaiƙayi sakamakon cutar tsukewar bututun matsarmama. Da aka ba ta wiwin likita, sai ta ce tsananin ƙaiƙayin ya sauko daga maki 10 cikin 10 zuwa maki 4 cikin minti 10. Masana na da bayanin da ke iya sa hakan ya yiwu, domin a jijiyoyi da fatar ɗan Adam akwai wasu ƙofofi da sinadaran wiwi ke shiga su rage saƙon ƙaiƙayi kafin ya isa ƙwaƙwalwa.

Ba shakka waɗannan rahotanni na ƙwararru ne, kuma ba za a yi watsi da su ba. Amma mai karatu ya ƙirga da kansa, uku da ɗaya huɗu ne. A ilmin likita ba a tabbatar da magani da labarin mutum huɗu, musamman ga larura irin ƙaiƙayi wadda kan tashi ta kwanta da kanta, kuma zuciya ke da tasiri a kanta. Hasali ma, wanda aka gwada wa abu bai ji sauƙi ba, ba kasafai ake buga labarinsa a mujalla ba. Yadda ake tabbatar da magani shi ne a raba majinyata gida biyu, a ba wasu na gaskiya, a ba wasu ƙwayar da ba ta ɗauke da komai, ba tare da sun san wanda suka samu ba. Haka aka yi wa bezafibiret, wani tsohon maganin rage maiƙo a jini, a binciken da masana na Holan suka jagoranta aka buga a 2021. Kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka sha shi ƙaiƙayinsu ya ragu da aƙalla rabi, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 11 ne kacal. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a ɗora wiwi a kai kafin a kira shi maganin ƙaiƙayin hanta.

Akwai kuma wani hanzari ba gudu ba. Hantar nan da ke ciwo, ita ce dai ke da alhakin narkar da sinadaran wiwi, don haka idan ta yi rauni sai su daɗe a jiki fiye da ƙima. A 2005 likitoci a Faransa sun gano cewa masu ciwon hanta nau'in C da ke busa wiwi kullum, hantarsu ta fi saurin ƙanƙancewa. Wani bincike a Kanada a 2013 bai ga hakan ba, wanda ke nuna cewa su kansu masana ba su gama daddale zancen ba. Shi ma ɗaya sinadarin, CBD, wanda ba ya sa maye, lokacin da Amurka ta amince da shi a 2018 da sunan Epidiolex domin wasu nau'o'in farfaɗiyar yara, sai da aka rubuta gargaɗi a jikinsa cewa yana iya taɓa hanta. Bugu da ƙari, ruɗewa da yawan barci na cikin alamun cewa hanta ta fara kasawa, kuma maye na iya lulluɓe su har lokaci ya ƙure. Mai ciki kuwa, ƙaiƙayinta na iya zama alamar haɗari ga abin da ke cikinta, asibiti take buƙata da gaggawa. Sannan ƙullin da ake sayarwa a lungu ba wanda ya san ƙarfinsa ko abin da aka cakuɗa masa. Kada garin gudun gara a faɗa gidan zago.

Abin da ya kamata jama'a su sani shi ne, wannan larura tana da magunguna da aka daɗe da sani, kuma likitoci na bin su mataki-mataki. Da farko a yi gwajin jini da hoton ciki, domin idan tsakuwa ce ko ƙari ya toshe hanya, buɗe hanyar ce magani. Idan ba toshewa ba ce, akan fara da garin kolestiramin, wanda ke kama gishirin matsarmama a hanji ya fita da shi, amma sai an ba da tazarar awoyi tsakaninsa da sauran magunguna. Daga nan sai rifamfisin, sai naltirekzon, sai satiralin. Game da rifamfisin akwai jan kunne na musamman a ƙasa irin tamu, domin shi ne ginshiƙin maganin tarin fuka, kuma shansa barkatai na iya sa ƙwayar cutar ta bijire, ban da cewa shi ma yana iya cutar da hanta idan ba a bibiya da gwaji.

Ta fuskar doka, duniya ta rabu. Jihar Kalifoniya ta halatta wiwin likita a 1996, Lesoto ta fara ba da lasisin nomansa domin magani a 2017, Birtaniya ta ba manyan likitoci damar rubuta shi a 2018, Maroko ta yi tata dokar a 2021. A watan Disamba na 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire shi daga rukuni mafi tsanani da ƙuri'a 27 a kan 25, kuma Nijeriya na cikin waɗanda suka ƙi. Muna da dalilinmu, domin binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a nan sun kai miliyan 10.6, kuma kowa na ganin abin da yake yi wa matasa. Dokar 1966 da hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 ba don wasa aka samar da su ba. Amma fa mofin, wanda ake kashe raɗaɗi da shi a asibitocinmu, daga tsiron da ake yin hodar iblis ta hiroyin yake fitowa, kuma babu wanda ya ce a rufe shi, an dai sa shi ƙarƙashin makulli da sa hannun likita. Malaman fikihu ma sun daɗe da tattauna hukuncin abin da ke gusar da hankali idan larurar magani ta kama, bisa sharuɗɗan amintaccen likita da rashin makwafi. A nan kuwa makwafi na nan, mafi yawan masu ciwon ne ba su kai gare shi ba.

Don haka kira na farko ga ma'aikatun lafiya ne, su tabbata ana samun kolestiramin da 'yan uwansa a manyan asibitoci kan farashin da talaka zai iya. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C, ke nan masu cutar hanta a cikinmu miliyoyi ne. Na biyu, likitoci su riƙa tambayar majinyaci game da ƙaiƙayi da barci, kada su tsaya ga sakamakon gwaji kawai. Na uku, idan wani asibitin koyarwa ya nemi izinin gwada ƙwaya mai ma'auni irin Marinol ga waɗanda komai ya gagara, NAFDAC da NDLEA su saurare shi, su gindaya sharuɗɗa, domin bincike ne kaɗai zai raba gardama. Su kuma dangi, idan suka ga nasu na susa dare da rana ba tare da ƙurji ba, su daina cewa sabulu ne ko sammu, su kai shi a duba hantarsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare na ƙalau.