Aibin Asali da Ɓarnar Zamani a Jikin Sulalla

Masu tara tsofaffin sulalla suna da wata ƙa'ida wadda a kanta hukuncinsu yake tsayawa, wato rarrabe aibin da ya sami kwabo tun yana gidan buga kuɗi da ɓarnar da ta same shi bayan ya shiga hannun jama'a, domin na farko yana ɗaga kimarsa, na biyu kuwa zubar da ita yake yi. Misalinsa kamar malamin da ke duba tsohon kundi ne: kuskuren mai kwafi abin nazari ne, amma cin gara ba ya ƙara wa kowa ilmi.

Mu ɗauki kwabo mai huji na Afirka ta Yamma, wanda aka riƙa bugawa a Ingila, wani a gidan buga kuɗi na Sarki, wani a Birmingham, inda ƙaramin harafin H ko KN yake nuna kamfanin da ya buga shi. Tun da yake inji ne ke huda shi, akan sami nadiri wanda hujinsa ya kauce daga tsakiya, ko wanda bai hudu ba sam, kuma wannan aibi ne na asali. Amma liyari mai shekarar 1780 da maƙeri ya huda don abin wuyan amarya, ko da hujin ya fi na inji kyau, ɓarna ce a wurin masu tara sulalla. Alamarta kuwa ita ce bakin hujin yakan tashi ta gefe guda, ya ci rubutun da ke kusa.

Mafi ban sha'awa a ganina shi ne kwabon da aka haɗa masa hatimai biyu waɗanda ba abokan juna ba ne. Akwai kwabo mai huji na 1956 da ya fito ɗauke da sunan Sarki Joji na Shida, alhali sarkin ya rasu tun 1952, Sarauniya Elizabeth ce ke kan gadon sarauta. Wannan ba ya buƙatar tabarau, sanin tarihi kaɗai ya isa hujja. Haka kuma santin Amurka na 1955 da aka buga a Filadelfiya, wanda shekararsa da rubutunsa suka fito biyu-biyu, saboda illar tana jikin hatimin kansa, har dubban sulalla suka fita da siffa guda ba bambanci. Shi ya sa ma'abota wannan fanni ba su gaskata mai da'awa sai sun gwada nasa da wanda aka riga aka tabbatar.

Inda shubuha take yawa shi ne kwabon da gefensa ya gutsure. Idan tun wajen yankan ƙarfe ne, rubutun da ke daf da gurbin yakan dusashe sannu a hankali, galibi kuma gefen da ke fuskantarsa yakan fito da rauni; idan kuwa aikin zarto ne ko magagari, sai a ga rubutun ya yanke kaf, ƙarfen yana ƙyalli. Kwabon da ya sirance kuma, da yawa ruwan batir ne ya cinye shi, fuskarsa takan yi kaushi.

Ɓarnar da ta fi ban takaici kuwa da kyakkyawar niyya ake yinta, wato goge kwabo da toka da lemon tsami don ya yi haske, alhali duhun da shekaru suka shimfiɗa masa yana cikin abin da mai saye yake biya, kuma in an kankare shi ba ya komowa yadda yake.