Zargin luwaɗi da maɗigo: Yaran da makaranta ta kora, gida kuma ya rufe musu ƙofa

A watan Yulin 2025, ɗalibai biyu sun rasa rayukansu a makarantar sakandaren kwana ta gwamnati da ke Bichi a Jihar Kano, bayan da wasu 'yan uwansu ɗalibai suka lakaɗa musu duka. Rahotanni sun ce zargin luwaɗi aka yi musu. 'Yan sanda sun kama ɗalibai 11, gwamnatin jihar kuma ta ba da umarnin bincike. Amma yaran biyu sun riga sun tafi ba tare da wani alƙali ya ji ta bakinsu ba.

Wannan labari ya shafi iyaye a Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara kai tsaye. Tun bayan sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, tunanin mai ɗa a makarantar kwana ya koma kan 'yan bindiga. Ba kasafai ake tuna cewa wani haɗarin yana cikin ɗakin kwanan ɗalibai ba.

Yadda suna ke bin yaro

Abin yakan faro ne daga tsokana. Yaro mai sanyin murya, wanda ba ya buga ƙwallo, ko ya fi sakewa wajen taya mahaifiyarsa girki, sai a laƙaba masa ɗan daudu. Yarinyar da ta shaƙu da ƙawarta, sai a fara raɗe-raɗin maɗigo. A cikinsu akwai waɗanda da gaske suke jin sha'awar jinsinsu, suna ɓoyewa cikin fargaba. Akwai kuma waɗanda halittarsu ce kawai ta bambanta, ko gaba ta sa aka yi musu ƙage. Da zarar sunan ya kama, makomarsu ɗaya ce: ƙyama, duka daga manyan ɗalibai, sannan kora.

Wannan tsoro yana rufe bakin wasu yaran daban. Ƙaramin ɗalibin da babba ya yi wa fyaɗe yakan gwammace ya yi shiru, domin ya san idan ya faɗa, shi ma sunan zai bi shi har garinsu.

Abin da doka ta ce

A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar haramta auren jinsi, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14. Katsina kuma na cikin jihohin Arewa 12 da ke aiki da shari'ar Musulunci, inda luwaɗi da maɗigo laifuka ne masu hukunci. Sai dai babu ɗaya daga cikin dokokin nan da ta ba ɗalibi, ko malami, ko maƙwabci ikon yanke hukunci da hannunsa. A fiƙihun Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, wanda ya jefi wani da luwaɗi bai kawo shaidu huɗu ba, shi ne ke fuskantar haddin ƙazafi, bulala 80. Bin diddigin asirin mutane ma haramun ne.

Gida ba mafaka ba ne

Yaron da aka koro da irin wannan zargi yakan tarar da wani hukuncin yana jiransa a gida. Uba na tunanin yadda zai shiga masallaci, uwa na tunanin auren ƙannensa mata. Wasu iyayen sukan yi duka, wasu su gaggauta aurar da yarinya, wasu su kai yaro gidan mari. Abin da ke cikin irin waɗannan gidaje ya fito fili a 2019, lokacin da 'yan sanda suka kuɓutar da mutane kusan 300 a Rigasa ta Kaduna, daga baya suka buɗe wasu a Daura da birnin Katsina. An samu yara ɗaure da sarƙa, wasunsu kuma sun ce a can ɗin ma an yi lalata da su.

Wanda aka fatattaka daga gida a Sabuwa ba shi da wurin zuwa mai aminci. Ƙaramar hukumar na iyaka da yankin Birnin Gwari, hanyoyinta sun daɗe suna fama da masu garkuwa. Idan ya tsira ya kai tashar Funtua ko Zariya, yunwa da masu cin zarafin yara na jiransa. Karatu kuwa ya ƙare ke nan.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, in ji Bahaushe. Makarantun kwana na buƙatar malamai masu kwana kusa da ɗalibai, da malamin ba da shawara da yaro zai iya gaya wa damuwarsa a asirce, da hukunci mai tsanani ga duk ɗalibin da ya ɗauki doka a hannunsa. Iyaye kuma, ko me aka ce ɗansu ya yi, su fara zaunar da shi su ji ta bakinsa kafin su ji ta gari.