Kafin Ka Sa Wa Motarka Sifesar Boljoyin

Duk wanda ke bin hanyoyin karkara da damina ya san ƙarar da cikin mota ke yi idan ya daki tudun da tayoyin manyan motoci suka bari a tsakiyar hanya. Wannan ƙara ce ke sa masu Hilux da 4Runner da Pajero tunanin ɗaga motocinsu, kuma sifesar boljoyin na cikin hanyoyin ɗagawar mafi araha. Wani ɗan ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba, kaurinsa yawanci milimita 25 zuwa 38, da ramukan kusoshi a gefensa. Arahar tasa ce ke sa mutane saye kafin su tambayi ko zai yi musu aikin da suke nema.

A irin waɗannan motoci, waɗanda kowace tayar gabansu ke motsi ita kaɗai, hannuwa biyu na ƙarfe ne ke riƙe da tayar, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, waɗanda makanikai ke kira ofa-am da lowa-am. A ƙarshen kowane hannu akwai boljoyin, mai aiki irin na gaɓar ƙugun ɗan Adam: dunƙule ne a cikin kwasfa, yana barin taya ta hau ta sauka, ta kuma juya dama da hagu. Ita sifesa ana cusa ta ne tsakanin hannun sama da boljoyin ɗinsa, sai tazarar da ke tsakanin hannun da tayar ta ƙaru.

To ko wannan tazara tana ɗaga mota? Amsar tana wajen sifirin, kuma nan ne yawancin masu saye ke yin asara. Idan nauyin motar a kan hannun sama yake, sifesa za ta tura tayar ƙasa, jikin motar ya tashi. Haka abin yake a ƙirar da Toyota ta fara sa wa fikof ɗinta mai jan taya huɗu da 4Runner a kasuwar Amurka daga 1986 zuwa 1995, da Hilux Surf na wancan zamani, da kuma Hilux mai jan taya huɗu da aka fara fitarwa a 1997. A waɗannan motoci sifirin gaba sandar ƙarfe ce mai murɗewa, wadda ake kira toshon ba, kuma a jikin hannun sama aka ɗaure ta. Sifesa mai inci ɗaya da rabi kan ɗaga gaban irin wannan mota da kusan gwargwadon kaurinta, ba tare da an ƙara ɗaure sandar har mota ta yi tauri ba. A nan kam kuɗin ya biya.

Amma idan sifirin a kan hannun ƙasa yake zaune, kamar a Hilux Vigo da ta fito a 2004 da waɗanda suka biyo bayanta, da Prado, da Fortuner, sifesa ba za ta ƙara wa mota tsayi ba. Hannun sama a irin waɗannan ba ya ɗaukar nauyi, saita tsayuwar taya kawai yake yi. Amfanin sifesa a nan yana zuwa ne bayan an riga an ɗaga motar da dogon sifirin: hannun sama ya sunkuya da yawa, yana dukan jikin sifirin ko shasi, boljoyin ya kai ƙarshen juyawarsa, sai a sa sifesa don ta mayar da hannun kusa da yadda yake. Wasu motocin ma boljoyin ɗinsu na sama matse shi aka yi cikin hannun, babu kusoshin da za a kwance, don haka sifesa mai ramuka huɗu ba ta da wurin zama. Su kuwa Land Cruiser ƙirar 70, da tsofaffin Hilux masu aksil guda a gaba da aka ci gaba da sayarwa a ƙasashe da yawa har 1997, zancen bai shafe su ba sam, domin ba su da waɗannan hannuwa. Leƙa ƙarƙashin mota da tocila na minti biyu ya isa ya raba gardama, kuma ya kamata a yi shi kafin a doshi Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko a aika saƙo Ladipo a Legas.

Wajen saye, abin da ya fi sifesar kanta muhimmanci shi ne kusoshinta. Na asali sun yi gajarta, dole a sa dogaye, kuma su ne ke tsakanin tayarka da kwalta. A duba kan kowace kusa, akwai lamba a rubuce: 10.9 ake so, 8.8 shi ne mafi ƙaranci, wadda ba ta da lamba kuwa ta ƙofar shago ce. Ita sifesar ana yin ta da ƙarfe ko da alminiyum mai ƙarfi irin wanda ake kira 6061, a sassaƙe daga dunƙule guda. Na san masu injin sassaƙa ƙarfe namu suna da hannu, kuma za su iya fitar da ita daidai idan aka ba su ƙarfe mai kyau da awo mai kyau. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a jera washa-washa, ko a haɗa faranti biyu da walda a ce an yi sifesa. Idan boljoyin ya rabu da hannunsa mota na gudu, tayar kwanciya take yi a cikin mazauninta, kuma sitiyari ba ya da ta cewa. Tun da za a kwance wurin, a sa sabon boljoyin gaba ɗaya. Tsoho da ya riga ya fara wasa ba zai jure sabon kusurwa ba.

Ɗaurawar ba ta da wuya ga bakaniken da ya san ƙafar mota. Ana ɗora shasi a kan matokarai na ƙarfe, ba a kan jak kaɗai ko bulo ba, a cire taya, a tallafi hannun ƙasa da jak. A motocin da sandar sifirin ke hannun sama, a tuna akwai ƙarfi a ɗaure a wurin, kada a sa yatsa tsakanin ƙarafa. A tsofaffin Toyota sau da yawa sai an ɗan goge leɓen hannun sama da giranda kafin sifesa ta zauna. A goge iya abin da ya tare, a shafa fenti don tsatsa. Kusoshin kuma a ɗaure su da sifana mai awon ƙarfi, a sa maganin hana noti kwancewa, a sake duba su bayan 'yan ɗaruruwan kilomita.

Inda aikin yake shi ne bayan an gama ɗaurawa. Kafin a sauke motar, a bar tayar ta rataya iya saukarta, a juya ta da hannu. Idan aka ji shaf yana cijewa, to sifesar ta ba tayar damar sauka fiye da yadda shaf zai iya bi. Diferenshiyal na gaba a jikin shasi yake, ya tashi tare da mota, taya kuwa ta yi ƙasa, don haka shaf ɗin da ke tsakaninsu ya karkace fiye da da. Robarsa ce ke fara yagewa, giris ya zube, yashi ya shiga, sai a fara jin ƙas-ƙas a kwana. Maganin shi ne a ƙara kaurin robar da ke tsayar da saukar hannu, ko a sauke diferenshiyal ɗin kaɗan da kayan da aka yi don haka. Mai mota da ke da makullin hob na hannu a tayoyin gaba ya fi samun sauƙi, domin idan ya buɗe shi a kan kwalta shaf ba ya juyawa ma. A duba tiyon birki kada ya miƙe tsam, a duba ko shokazoba ce ke ƙarewa kafin robar tsayarwa, wanda ke nuna ana buƙatar doguwa. Sai alaimen, kuma wannan ba na ganin dama ba ne: tsayuwar taya da kusurwar tayarod duk sun canza, wanda ya tsallake shi zai ga sabuwar taya ta cinye gefe guda.

Gaba kaɗai sifesa ke ɗagawa. Baya, a mota mai sifirin ganye, sai an nemi dogon shakul ko ƙarin ganyen sifirin, in ba haka ba motar ta ɗaga hanci, fitilarta ta riƙa kashe wa masu tahowa ido. Ko an ɗaga bayan ma, diferenshiyal na aksil ɗin baya yana nan inda yake, kuma shi ne ke fara kama tudun tsakiyar hanya. Babbar taya kaɗai ke ɗaga shi, ita ma da rabin abin da aka ƙara: daga taya mai inci 31 zuwa mai 33, inci ɗaya tak aka samu, sannan agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gudun gaske da kusan kashi 6 cikin 100, motar ta ɗan rage ja, birki ya ƙara wahala.

Akwai kuma lodi. Fikof a wajenmu ba ta tafiya fayau. Buhuna ne, da jarkoki, da mutane a kan kaya, musamman a doguwar hanya irin ta Agadas zuwa Dirku. Duk incin da aka ƙara yana ɗaga tsakiyar nauyin motar, ta fi saurin jingina a kwana da gefen gangare. Motar da aikinta ke nan, na fi son a kashe kuɗin a kan sifirin baya mai ƙarfi, da shokazoba mai kyau, da farantin ƙarfe mai kare cikin inji, sannan a rage iskar taya idan an shiga rairayi.