Kansar Fankiriyas: Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Fankiriyas gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi, tana samar da insulin da ruwan narkar da abinci. Kansarta na cikin mafiya kisa: ko a Amurka, kimanin mutum 13 cikin 100 ne ke kai shekara 5 bayan an gano ta. A fiye da kashi 90 cikin 100 na irin wannan ƙari, akan tarar ƙwayar gado mai suna KRAS ta gurɓace. To amma gurɓacewar kaɗai ba ta cika isa ba.

A 2007, ayarin Mariano Barbacid a ƙasar Sifaniya ya nuna cewa manyan ɓerayen da aka gurɓata musu KRAS suna zamansu lafiya, sai an jawo musu kumburin fankiriyas mai daɗewa sannan kansa ta ɓulla. A wajen mutane ma haka abin yake: masu gadon ciwon kumburin fankiriyas, haɗarinsu ya ninka na sauran jama'a nesa ba kusa ba.

Kumburi hanya ce da jiki ke bi ya warkar da rauni, kuma ita kansar ke amfani da ita. Ƙwayoyinta na fitar da sinadarin GM-CSF, wanda ke janyo wasu sojojin jiki da ba su gama ƙosawa ba. Su da makurofaj, masu aikin cinye ƙwayoyin cuta, sai su koma danne ƙwayoyin T, waɗanda su ne ke da ikon kashe kansar. Ga kuma taurararren nama mai kama da tabo da ke kewaye ƙarin, yana matse jijiyoyin jini har magani ya kasa shiga sosai. Shi ya sa magungunan zaburar da garkuwar jiki, da suka yi tasiri a kansar fata da ta huhu, suka gaza a nan.

Rushe taurararren naman ma ba mafita ba ce. A 2014 an gwada hakan a ɓeraye, kansar ta ƙara tsanani.

Yanzu masana sun karkata ga horar da ƙwayoyin T. A 2023, Vinod Balachandran na cibiyar Memorial Sloan Kettering ya ba da rahoton allurar mRNA da aka haɗa wa kowane majinyaci daidai da ƙarinsa, bayan tiyata. Cikin mutum 16, garkuwar 8 ta amsa, kuma su ne cutar ta jinkirta dawo musu. Adadin kaɗan ne, don haka gwaji mafi girma da ya biyo baya shi zai raba gardama.