Yadda Aston Villa Ta Ci Gasar Ingila Da 'Yan Wasa 14

A kakar wasa ta 1980 zuwa 1981, kulob ɗin Aston Villa na birnin Birmingham ya ci gasar rukuni na ɗaya ta ƙasar Ingila, abin da rabonsa da yi tun 1910. Abin mamaki shi ne 'yan wasa 14 kacal mai horar da kulob ɗin, Ron Saunders, ya yi amfani da su a wasanni 42, kuma bakwai daga cikinsu ba su fashi wasa ko ɗaya ba.

Babbar abokiyar hamayyarta ita ce Ipswich Town, wadda ta doke Villa har sau uku, biyu a gasar, ɗaya kuma a zagaye na uku na Kofin FA. Tun kafin nan ƙaramin kulob na Cambridge United ya fitar da Villa daga Kofin Lig.

To, wannan faɗuwa da wuri ita ta zame wa Villa alheri, domin wasanni 46 kawai ta buga a kakar duka. Ita kuwa Ipswich, da ta tasa kofuna uku a gaba, sai da ta buga 66. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Gajiya da raunuka suka ci ƙarfin 'yan wasanta, ta tsira da Kofin UEFA kaɗai.

Ran 2 ga Mayu, 1981, Arsenal ta ci Villa 2 da nema, amma a ranar Middlesbrough ta kayar da Ipswich. Villa ta gama da maki 60, Ipswich da 56.