Henrietta Wood: Matar da Ta Maka Wanda Ya Bautar da Ita a Kotu

A watan Afrilun 1853, matar da Henrietta Wood ke yi wa aiki ta ce ta shigo keken doki ta raka ta ƙetaren Kogin Ohio. Tafiyar ba nisa. Wannan gaɓa birnin Cincinnati ne, inda doka ta haramta bauta. Waccan kuwa jihar Kentucky ce, inda ake taya ɗan Adam a kasuwa. Suna isa can wasu ƙarti suka tare keken, suka yi awon gaba da ita. Ashe tuni an ƙulla cinikinta da wani jami'in tsaro na yankin, Zebulon Ward.

Henrietta ba baiwar kowa ba ce a ranar. Tun 1848 uwargijiyarta ta dā ta 'yanta ta. Sai dai gobara ta cinye takardun kotun Cincinnati a 1849, har da shaidar 'yancinta, kuma a lokacin a Kentucky ba a karɓar shaidar baƙar fata a kan farar fata. Haka aka sayar da ita ga Gerard Brandon, mai manyan gonakin auduga a kusa da Natchez, jihar Misisipi. Can ta haifi ɗanta Arthur. Da yaƙin basasar Amurka ya matso a 1863, Brandon ya tasa bayinsa gaba da ƙafa har Texas, don kada sojojin Arewa su ƙwace su.

A 1869, bayan yaƙin ya ƙare an soke bauta, ta dawo Cincinnati riƙe da ɗanta. Shekara na zagayowa ta shigar da ƙarar Ward, tana neman dala 20,000 na guminta da na 'yancin da ya raba ta da shi. Macen da ba ta iya karatu ba, ga ta gaban attajiri mai lauyoyi! Shi kuwa lokacin ya sake salon sana'a: yana karɓar hayar gidajen yari daga gwamnati, yana sa fursunoni aikin ƙarfi, riba tana shiga aljihunsa.

Lauyoyinsa suka yi ta jan ƙafa har shekara takwas. Ba ta janye ba. A Afrilun 1878 masu taya alƙali yanke hukunci su 12, dukkansu farar fata, suka ba ta gaskiya, suka yanke mata dala 2,500.

Kuɗin sun yi kaɗan, har abin ya yi ciwo. Amma a duba inda diyya ta saba zuwa. A 1833, da za ta soke bauta, Birtaniya ta ware fam miliyan 20 ga masu bayi, bayin kuwa ko anini. A 1862 gwamnatin Amurka ta biya iyayengiji a birnin Washington har dala 300 kan kowane bawa da aka saka. Henrietta ta juya akalar, kuma nata ne kuɗi mafi yawa da aka san wata kotun Amurka ta taɓa ba wanda aka bautar.

Masu cewa diyya ba ta gyara komai su dubi Arthur. Ya sayi gida a Chicago, ya gama karatun lauya a 1889, ya shafe shekaru yana aikinsa. Mahaifiyarsa ta rasu a 1912.

Tun 1989 ɗan majalisa John Conyers ya gabatar da ƙudurin kafa kwamitin da zai yi nazarin biyan diyyar bauta, nazari kawai. Har yau majalisar dokokin Amurka ba ta zartar da shi ba.