Dariya 'Yar Taro Ce

Ga wani al'amari na wasan ban dariya da ya isa a yi masa tsokaci.

Idan ɗan kasuwa ya rufe rumfarsa a Gwarzo, ya kishingiɗa a ɗaki shi kaɗai, ya kunna wasan Ibro a wayarsa, iyakarsa ya yi murmushi ya gyaɗa kai. Amma a kunna wannan wasan a gidan kallo a Kabo, mutane sun cika benci, sai a bushe da dariya, wannan na riƙe ciki, wancan na share hawaye. Wasan bai sāke ba. Rabilu Musa Ibro ya rasu tun Disamba 2014, bai ƙara ko kalma guda a ciki ba. Mazauni ne ya sāke.

Dattawa sun san haka tun zamanin majigi. A lokacin Turawa motar majigi takan zaga garuruwan hakimai, a kafa farin ƙyalle a fili bayan duhu ya yi, a nuna wa jama'a tsabta da noma, a haɗa musu da wasan Cali Caflin. Wasansa kuwa ba magana, sai faɗuwa da guje-guje, amma da yaro ɗaya ya ƙyalƙyale sai fili duka ya ɗauka.

Wani masani a Amurka, Robert Provine, ya bi diddigin abin, ya tarar mutum yakan yi dariya cikin jama'a kamar ninki 30 na wadda yake yi shi kaɗai. Masu talabijin na can sun riga shi ganewa, gama tun 1950 suke ɗaukar muryar masu dariya su saka cikin wasa, don mai kallo a ɗaki ya ji kamar yana cikin taro.

Malaman fiƙihu sun bambanta murmushi da ƙyaƙyatawa, har Risala ta bayyana cewa wanda ya yi dariya cikin salla zai sāke ta, mai murmushi kuwa ba komai a kansa. Watau bambancin yana ga sauti. To, sauti don kunnen wani ake yinsa, shi ya sa kaɗaici ke haifar da murmushi, taro ya haifi dariya.

Abin tsoro a nan guda biyu ne. Na farko, kowa ya duƙufa kan wayarsa, har raha ta ƙaura daga dandali, a wayi gari a kasuwa ba mai tuna wa maƙwabcin rumfarsa abin da suka kalla jiya su sāke darawa. Na biyu, taro yakan ja mutum ya yi dariya ga abin da zai ji kunyarsa in yana shi kaɗai, kamar ba'a ga makaho ko mai in'ina. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Saboda haka mai son wasan ban dariya ya fara zaɓen abokan zama kafin ya zaɓi fim, ya kira iyali ko maƙwabta bayan an sallaci lisha. Allah ya ba mu raha mai tsabta, amin.